Na Ce wa Ɗana Ban Yafe Ba Kan Keken Ubansa, Ashe Ni Na Lalata Shi

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kada wasiƙar nan ta kwanta a ƙasan tarin wasu. Kwana huɗu ke nan ina zaune kamar wadda aka kwaɗa wa taɓarya a ka. In na ɗora tukunya sai ta ƙone ina kallonta. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. In rubutun ya karkace ki gyara, amma kada ki rage komai, don ni kaina ban san wanne ne mai muhimmanci ba.

Sana'ata sabulu ce. Shekara ashirin da biyu ina haɗa na wanki da na wanka a rumfar bayan ɗakin girkinmu, har mata nake koya wa. Maigidana ya rasu wata tara da suka wuce. Bai yi jinya ba. Da safe ne, ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi maɗaba'ar da yake aiki, ya ce in miƙo masa hula. Na juya na ɗauko, kafin in juyo ya kife. Hular tana hannuna har muka isa asibiti. Shekara talatin da uku muna tare, 'ya'yanmu huɗu. Na farin namiji ne, malamin makaranta, yana da mata da 'ya ɗaya. Ƙannensa suna ce masa Yaya, ni ma bakina ya saba da haka.

Kafin aurenmu marigayi yana da keken tsere irin na da, siririn nan shuɗi mai kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. A kansa na fara ganinsa. Ranar hutu shi da abokansa sai su fita bayan gari tun da sassafe, su dawo sun jiƙe sharkaf da gumi suna gardamar wanda ya riga wani. Da aka haifi Yaya sai ya sayar wa wani mai gyaran agogo, wai uba ba ya tsere da motoci. Ya rabu da keken amma bai rabu da labarinsa ba. Da ya ce "lokacin da nake da shuɗin nan," sai autarmu ta ce jama'a a kawo kujeru, Baba ya kunna rediyo. Ya yi ta dariya, ya kuma ba da labarin tun daga farko.

Bayan rasuwar, ban sani ba ashe Yaya ya shiga bin sawun keken. Mai agogon ya rasu, 'ya'yansa sun bai wa wani, wanin ya sayar. Wata uku yana yawo har ya same shi a rataye a siton wani mai tsofaffin kaya, tayoyin sun ruɓe, yanar gizo ta rufe shi. Ya gane shi ne da haruffan sunan ubansa, waɗanda marigayi ya buga a ƙarƙashin ƙarfen, wajen da feda take juyawa. Ya saya ya turo shi har tsakar gida, ya ce, "Umma, fito, ga saurayinki na dawo miki da shi." Anti, a ƙasa na zauna. Na rungume sirdin ina kuka ina dariya, yara suna ta tsokanata.

Yaya ya jingine shi a barandar ɗakina, ya ce kada kowa ya taɓa, in an yi hutun makaranta zai kai shi a duba. Kullum in na fito sai na gan shi. Baƙin maiƙo ya daskare a jikinsa, fararen ƙarafan sun dushe. Marigayi kuwa mutum ne da ko tawada ta ɗiga a farcensa sai ya kankare kafin ya ci abinci. Sai na ji ba zan iya barin kekensa da dauɗar shekara talatin ba. Ban yi masa jinya ba, ban wanke masa ko riga ɗaya ta ciwo ba, na ce bari ko wannan in yi masa.

Na fara da garin sabulu da soso, maiƙon ko gezau. Sai na tuna da sodar da nake haɗa sabulu da ita, wadda ba maiƙon da yake tsaya mata. Na san tana cin fenti, don haka ban bari ta taɓa shuɗin ba, har leda na naɗa masa. Na cire wilin gaba da na baya, akwai ɗan hannun da ake buɗewa, na ga yadda Yaya ya yi. Na yanke ruɓaɓɓun tayoyin, na tsoma wilolin a babban bahon roba cikin ruwan soda mai ƙarfi, ina juya su. Birki da hannun feda da kan keken kuwa na naɗe su da tsummoki jiƙaƙƙu, in sun fara bushewa in ƙara. Daga safe zuwa la'asar, kwana biyu a jere. Ruwan ya riƙa tsastsafo da 'yan kumfa, bahon ya yi ɗumi, ruwan ya koma baƙi. Ina ta cewa Allah sarki, dubi dauɗa tana fita. Da na ɗauraye, ƙarfen bai yi ƙyalli ba, ya koma ruwan toka, da kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Na ce tsufa ne, ai ni ma ba na ƙyalli.

Ranar Asabar Yaya ya zo. Ya daɗe a tsaye gaban keken, yana shafa bakin wilin da babban yatsa. Ya tambaye ni da me na wanke. Na gaya masa ina washe baki. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Umma, ya fita tas." A ranar ya tafi da shi.

Bayan sati biyar ya dawo da shi, a kan keken ya shigo gida, matarsa da 'yarsa suna biye. Ƙannensa duka suna nan, ga Gwaggonsu, yayar marigayi, ta zo gaishe ni. Anti, ban gane keken ba. Shuɗin gangar jikin da sirdin kaɗai na sani. Wiloli sababbi baƙaƙe, birki sabo, kai sabo. 'Yan sandunan nan biyu na jikin ƙarfen, waɗanda marigayi yake sunkuyawa ya ja in zai canza giya, an cire su, yanzu daga hannun birki ake dannawa, yana wani ƙas ƙas. A baya inda da ake da faifai biyar masu haƙora, yanzu wajen goma ne a jere. Yaya yana ta bayani da sauri-sauri, har ya ce sai da mai gyara ya ɗan buɗa ƙafafun baya na gangar jikin kafin sabon wilin ya shiga.

Jin an buɗa ƙarfen nan, sai na rufe shi da faɗa. Na ce masa ubanka ko shekara bai yi a ƙasa ba, ka sake binne shi. Na ce ashe ba don shi ka nemo keken ba, don ka yi gayu a titi ne. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa ba. Na ce ban yafe ba. A gaban matarsa, a gaban ƙannensa, 'yarsa tana riƙe da wandonsa. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya jingine keken, ya durƙusa, ya ce Allah ya huci zuciyarki, Umma. Ya tafi gida a ƙafa.

Sati shida ke nan. Yana zuwa ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. Autarmu ta ce ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce shi ya sani.

Kwana huɗu da suka wuce na tambayi shagon mai gyaran, na tafi ni kaɗai don in karɓo tsofaffin kayan a mayar da su. Ɗan tsukukun shago ne kusa da masu walda, wiloli a rataye a sama sai ka sunkuya. Mai shagon dattijo ne, ya ɗaure tabaraunsa da waya, ana ce masa Mai Sifana. Ya share min benci da hularsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya fara kame-kame, wai in tambayi ɗana, wai shi aiki aka ba shi. Na ce to ka faɗi gaskiya, sayar da su ka yi. Nan ya miƙe, ya ce, "Baiwar Allah, shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa cin kusar mutum ba, yau kuma ba za a fara da ni ba." Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage a gabana.

Ya ɗauki wili ya danna da yatsa kusa da inda waya take shiga, wajen ya marmashe kamar busasshen burodi. Ya nuna min wuyan da yake riƙe kan keken, duk ramuka. Ya ce wani ne ya yi wa kayan nan wanka da soda, su kuwa alminiyam ne. Ya ce da an hau keken a haka, aka gangaro tudu aka ja birki, ko kan ya karye a hannun mutum ko wilin ya ninke, sai dai a kwashe shi. Ya ce ɗana a kan bencin da nake zaune ya zauna ya riƙe kai. Sati uku suna neman irin tsofaffin kayan ba su samu masu lafiya ba, ko tayar girman wilin da ƙyar ake gani yanzu, shi ya sa suka koma na zamani don keken ya sake tafiya. Kuma ɗana ya sa dattijon ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ba, wai in Ummansa ta san ita ce ba za ta ƙara samun sukuni ba, gara ta ce shi ne.

Anti, ni! Ni da duk macen da ta zo koyon sabulu, abin da nake fara gaya mata tun kafin ta ajiye mayafi shi ne kada ta kusanto min da tukunyar alminiyam. Kumfar nan na san ta, na sha ganin ta a tukwanen da aka lalata. Amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa a jikin keke akwai wani abu ban da ƙarfe. Ina kallo ina murna, ashe wurin da hannun mijina yake riƙewa ne yake narkewa, na kuma kwashe na zubar a kwata. Kuma da yaron nan bai lura ba ya hau fa? Ban san yadda na iso gida ba.

Na gaya wa Gwaggo. Ta ce uwa ba ta bai wa ɗa haƙuri, in dafa abin da yake so in aika a kira shi, magana ta wuce. Ta ce in na nuna na sani na ɓata masa abin da ya yi domina, na kuma tona wa dattijon asiri. Wataƙila tana da gaskiya, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In gaya masa na sani, ko in yi shiru? Da wane baki zan fara? Keken kuma yana nan a baranda, na rufe shi da zanin gado don ba na iya kallonsa. Ki gaya min gaskiya ko da za ta yi min zafi.

Taki cikin damuwa,
Mai Sabulu

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai Sabulu. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana. Ban rage komai a wasiƙarki ba, kuma ba ta buƙatar gyara.

Abubuwa biyu kika haɗa wuri ɗaya, ina so ki raba su. Wanke keken kuskure ne na mai ƙauna. Kin so ki yi wa mijinki hidimar da mutuwar farat ɗaya ta hana ki, kika yi da abin da hannunki ya saba da shi. Sanin da kika yi wa soda a rumfarki yake, baƙin ciki bai bar ki kin fito da shi baranda ba. Wannan ki nemi sauƙinsa a ranki, ki kuma gode wa Allah da ɗanki ya shafa wilin kafin ya hau. Maganar da kika faɗa ita ce ciwon da yake buɗe har yanzu, kuma ita ce kike da ikon gyarawa.

Ɗanki ɗan albarka ne, amma ba zan wanke shi tas ba. Ya yanke miki hukunci cewa ba za ki iya ɗaukar gaskiya ba, ya canza abin da ya san ranki yana kai ba tare da ya shirya ki ba, ya kawo miki shi a gaban jama'a. Duk wadda aka yi wa haka za ta girgiza. Ya so ya kare ki daga ciwo ɗaya, sai kuka faɗa cikin wanda ya fi shi. Wannan darasinsa ne, kuma zai fi jin sa daga bakinki bayan kun shirya, ba yanzu ba.

Gwaggo tana son a zauna lafiya, amma a nan ban bi ta ba. Da faɗa kawai kika yi masa, da girki ya isa. "Ban yafe ba" daga bakin uwa ba ta narkewa a cikin miya. Sati shida yaron nan yana kwana yana tashi da ita, kuma tunda ya zaɓi ya rufa miki asiri, ba shi da hanyar kare kansa. Ke kaɗai za ki iya sauke masa. Shirunki ba zai adana abin da ya yi dominki ba, zai bar shi ne yana ci gaba da biya.

Ki je gidansa da ƙafarki, kada ki aika. Ki same shi shi kaɗai. Ki ce masa kin je shagon, kin ga buhun, kin san ke ce. Ki ce kin zalunce shi, ya yafe miki. Ki gaya masa ke kika matsa wa dattijon har da zargin sata, don kada laifi ya koma kansa, shi ma kuma ki koma ki ba shi haƙuri. Za ki yi kuka, ba laifi, amma ki kula kada zaman ya koma shi ne yake lallashinki. In ya nuna ɓacin rai, ki bar shi ya nuna. Shi ma uba ya rasa, kuma tun ranar da ya riƙe kai a bencin nan bai samu wanda zai gaya wa ba. Surukarki ma ki gode mata, ta san gaskiya ta haɗiye.

Batun keken kuwa, na tambayi wani da ya san aikin. Ya ce gangar jiki ta ƙarfe tana jure 'yar buɗawar da aka yi mata in gwani ne ya yi, ba a cuce ta ba, kuma masu son tsofaffin kekuna suna yawan yi musu irin wannan gyara don su ci gaba da hawa. Tsofaffin kayan kada a sake ɗaura ko ɗaya. In kina son ajiye wani abu daga ciki ki ajiye, in ganin su zai riƙa tayar miki da hankali ki bar su a shagon. Ki sa a sake duba lungunan gangar jikin ko ruwan soda ya maƙale a ciki. Bayan haka ki yaye zanin gadon. Ko a hau shi ko a ajiye, ku yanke tare, wannan karon kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. A gaban mutane kika faɗi waccan maganar, don haka a gabansu za ki janye ta. Ki tara waɗanda suka ji, matarsa da ƙannensa da Gwaggo, har da 'yar jikarki. Ki faɗi abin da ya faru da bakinki, ki ce kin janye, sannan ki sa masa albarka da murya irin wadda kika ɗaga a ranar. Girmanki ba zai ragu ba. Kada ki bari a kai ƙarshen mako, 'yar'uwa, kowace safiya yaron nan yana fita aiki da nauyin da ba nasa ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya miki zuciya, ya raya miki zuri'a.

Anti